Mahaucin da Ke Goge Wuƙar Haske

Akwai wani mahauci da ake kira Dogo, ya ba hamsin baya, tumbinsa har ya fara riga shi shiga ɗaki. Tun kafin ku fara rubuto mini, ba ni ba ne. Ku duba hotona da kyau, har gobe rigar angwancina tana shigata.

Autarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, sai ta shekara ba ta leƙo gida ba. In ta kira waya, daga gaisuwa sai tambayar ko ya sha magani, shi ke nan hira ta mutu. Ya ajiye wayar ya zauna yana kallon ƙofar ɗakinta.

Da likita ya ce jininsa ya hau, dole ya riƙa motsa jiki, sai Auta ta aiko masa da wani tabarau mai kauri da ake ɗaurawa a fuska, da 'yan sanduna biyu na riƙewa. In ka saka, falonka ya ɓace. Kiɗa ya tashi, akwatuna masu launi su taho maka a guje, sandunan su zama wuƙaƙen haske, kai kuma ka yi ta sararsu daidai da kiɗan. In da yawa suka wuce ka, a kashe waƙar a kore ka.

Abin da ya kama zuciyar Dogo shi ne, ranar hutun Auta ita ma takan saka nata daga can, su haɗu a ciki. 'Yar tsana yake gani tana tsalle a gefensa, amma muryar 'yarsa ce, dariyar ma tata ce, kamar tana falon.

Ya bugi ƙirji ya ce sara ai sana'arsa ce, tun ba a haife ta ba yake raba ƙashi da tsoka. Waƙar farko ko rabi ba ta kai ba aka kore shi, yana haki.

Auta ta mai da su waƙar 'yan koyo. Haka suka yi ta yi duk mako, amma ya lura tana hamma. Da an ɗan taɓa sai ta ce Baba ya huta, ƙawayenta na jiranta a wajen waƙoƙi masu sauri. Muryar ta ɗauke. Ya cire tabarau, ba kowa sai fanka da kujeru.

Ya ce na'urar ce ke da son kai. Ya ce shekaru ne. Matarsa dai tana bakin ƙofar kicin tana kallo, har ranar da ta kasa haƙuri.

"Baban Auta, wai me kake gogewa a cinyarka?"

Ya ce ba ya goge komai. Ba ta ja da shi ba, ta ɗauke shi a waya ta nuna masa. Ga ƙaton mutum da singileti a tsakar falo: ya kai sara, ya goge sandar a wando, ya kai sara, ya goge. Yadda yake goge wuƙa a jikin rigar aiki a rumfarsa, haka hannun ke yi shi kaɗai. Kafin ya gama gogewa, akwatuna sun wuce.

Ya yi kwanaki yana kumbure-kumbure. Ni ban ga laifinsa ba, mu maza ba a yi mana adalci a gidajenmu. Amma da ranar hutu ta sake zagayowa, muryar ta sake ɗaukewa da wuri, da kansa ya je kicin ya ce wa matarsa ta taimake shi.

Ta ɗaura masa leda a kowace cinya. Hannu na sauka, leda ta yi ƙara, ya tsargu. Kullum da safe kafin ya fita sai ya yi wasan, kasuwa kuma ya koma tafiya da ƙafa don numfashi ya ƙaru. Watanni ana haka, har leda ta yi shiru. A rumfa kuwa sai masu saye sun tuna masa ya goge wuƙar gaske.

Wata ranar hutu, Auta ta ce Baba ya huta kamar kullum.

"A'a, uwata. Yau ki tafi da ni inda kike zuwa."

Ta ce zai wahala. Ya ce ya ji, ta dai kai shi.

Kiɗan ya zo kamar ruwan sama. Ya sara, ya kuskure, ya sake sara, gumi na shiga masa ido. Waƙar ta kai ƙarshe ba a kore shi ba. Shi ne na ƙarshe a cikinsu, nesa ba kusa ba.

A hankali Auta ta ce, "Baba... mu sake?"

Ƙirjinsa kamar ana hura wuta. Ya miƙa hannu zai dafa kanta, hannun ya bugi kabad.

"Sake, uwata."

Ranar ba su rabu ba sai da cajin tabarau ya ƙare.

Darasi: Ba kullum shekaru ne ke hana mu ci gaba ba. Wani lokacin tsohon sabo ne da ba ma gani, sai wanda ke tsaye a gefe ya gaya mana. Ka sauke girman kai ka saurara, ko don waɗanda kake kewa. Ku tura wa iyayenku da mazajenku. Ni dai kada wanda ya turo mini, lafiyata ƙalau.