Albasar da Ta Kwanta

An yi wata mata mai lambun albasa a bakin fadama. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da lambun da 'ya guda ɗaya, Afiniki. Da albasar nan ta ciyar da yarinyar, da ita ta sa ta makaranta, har Afiniki ta shiga jami'a ta kai ajin ƙarshe. Matar ba ta iya rubuta ko sunanta ba, amma a kan albasa ba a ja da ita.

Shekarar ƙarshe ta zo wa Afiniki da nauyi. Sau uku tana kai kundin bincikenta wurin malamin da ke dubawa, sau uku yana maido mata da shi jajawur da biro. Ga kuma wani kwas da ta faɗi tun tana aji biyu yana jiranta. In ta sake faɗuwa, abokan karatunta za su fita su bar ta. Ta rame, in ta buɗe littafi sai ta ga kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Saura mako uku a fara jarrabawa ta tattara kayanta kaf, har da katifa, ta hau mota ta dawo gida.

Uwar na ganin katifa ta gane. Mai zuwa hutu ba ya ɗauko katifa. Amma ba ta yi faɗa ba, ta zuba mata tuwo.

Afiniki ta ce, "Inna, na gaji. Kaina ya ƙi ɗauka. Gara in zauna da in je in kunyata ki."

Uwar ta ce, "To. Gobe kya raka ni lambu."

Da safe suka tafi. Rabon Afiniki da lambun a irin wannan lokaci tun tana firamare, kullum tana makaranta. Da ta hango shi sai ta dafe ƙirji. Ganyen albasar nan da ta sani kore shar, a tsaye, duk ya yi rawaya ya zube ƙasa.

"Wayyo Inna, albasa ta mutu!"

Ta ruga ta ɗauko bokiti za ta ɗebo ruwa. Shekara huɗu a jami'a, ga ta za ta yi wa nunanniyar albasa ban ruwa! Uwar ta yi dariya, ta karɓe bokitin.

"Ajiye, 'yar boko, kada ki ruɓar mini da ita. Sa hannu ki tono ɗaya."

Afiniki ta durƙusa ta tona. Sai ga albasa ja, ƙatuwa, ta cika mata tafin hannu.

Uwar ta ce, "Da ganyen yake a tsaye kowa na yabo, ba komai a ƙasa. Yanzu ƙarfin ya koma cikin kan, shi ya sa ta kwanta. Ta ƙosa ke nan. Amma in na ga ta kwanta na ce ta mutu, na koma gida na zauna, mako uku ya isa ta ruɓe a nan, wahalata ta wata huɗu ta tafi a banza."

Afiniki ta daɗe tana juya albasar a hannunta. Sa'an nan ta ce, "Inna, motar yamma ƙarfe nawa take tashi?"

Ta koma da katifarta, da albasar a cikin jaka. Tsoron bai sake ta ba, da shi ta gyara kundin karo na huɗu, da shi ta shiga ɗakin jarrabawa. Ta ci. Ba ita ce ta ɗaya ba, ba ta ma kusa ba, amma ni dai ban san wanda ya fi ta jarumtaka a ajin nan ba.

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Lambun shi ne karatunku, albasar kuwa ita ce abin da Allah ya yi ta ginawa a cikinku shekara da shekaru, inda ido ba ya gani. Kwanciyar ganyen ita ce gajiyar da take sauko wa mutum dab da ƙarshe. Ku 'yan ajin ƙarshe da kuke zaune a nan, na ga yadda kuka rame, kuma ina jinjina muku. Kada ku ɗauki gajiya a kan cewa Ubangiji ya yashe ku, ko kuwa ba abin da kuka koya. Wanda bai yi aiki ba, me zai gajiyar da shi?

Mu iyaye kuma mu yi koyi da matar nan. Ba ta zagi 'yarta ba, ba ta kuwa gyara mata ɗaki ta ce ta zauna ba. Ta nuna mata abin da yake ƙasa, ta bar ta ta tono da hannunta.

In akwai wanda ya riga ya naɗe katifarsa a zuci, to, ya sani aikin ya nuna, girbi kaɗai ya rage. Ya yi addu'a, ya tashi ya koma ya tono abinsa.