Kunkuru Ya Zaɓi Dokin Sukuwa

Ga ta nan tafe gare ku.
Ta iso mu ji ta.

Kura da Kunkuru suka haɗa amfanin gonarsu kaf, za su sayi ɗan doki na tarayya don sukuwar kaka. A kasuwar dawakai, Dila dillali ya jawo wani mai sheƙi, ya ce, "Uban wannan ɗan Barno ne, kakansa iska ma ta bar masa hanya."

Kura ta lashe baki. "Dubi cinya. Shi za mu saya."

Kunkuru ya ce, "Yaya Kura, ba kakan za mu hau ba. A zagaya da dawakan in gani."

Aka zagaya. Kunkuru bai ko ɗaga kai ba, sawu yake bi. Ya tsaya kan sawun wani siriri.

"Wannan. Ƙafar bayansa tana wuce sawun ta gaba da taƙi guda."

Kura ta ce, "Kai da ba ka taɓa gudu ba?"

"Shekara ɗari dawakai suna wuce ni, Yaya. Kofato ne karatuna."

Kura ta yarda da ƙyar. Ranar sukuwa, ƙurar siririn kawai sauran suka gani. Ku tambaye ni, ni mai ba ku labarin nan, ni na hau shi.

Ƙurunƙus kan ɗan gafiya.