Murfin da Ganiyu Ya Yi wa Kifayen Baba

Akwai wani kafinta a Fagge, sunansa Ganiyu. Aikinsa haɗa akwatunan gilashi da 'yan Kantin Kwari ke jera leshi da shadda a ciki. Yakan rufe su ruf don kada ƙura ta shiga, ya sa ƙwan lantarki mai ƙarfi don kaya su yi sheƙi. Kowa ya san hannunsa, shi ma ya san haka.

Mahaifinsa, Baba Habeeb, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Yana da kifayen ado guda shida a akwatin gilashi, ya sa musu sunayen tashoshin hanyar gida: Zariya, Kaduna, Minna, Jebba, Ilorin da Offa. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya daina magana. Abin da ya rage masa shi ne kallon kifayen nan, ɗakin kuma da duhu.

Ganiyu ya ce zai yi wa akwatin murfi mai fitila. Ya je Sabon Gari sayen abincin kifi wurin Madam Monica, wadda Baba ya sayi kifayen a hannunta, ya gaya mata shirinsa.

"Oga Ganiyu, ka sa dogon ƙwan nan fari da ba ya zafi," in ji ta. "Kuma ka huda murfin ta sama, iska ta riƙa fita."

Ya yi dariya. "Madam, shekarata ashirin ina wannan aiki. In huda katako mai kyau kamar rariya?"

"Leshi ba ya numfashi, Oga."

"Ke dai ba ni abincin."

Ya auna, ya yanka, ya goge, ya shafa fenti. Murfin ya zauna daram, ko allura ba za ta shiga ba. Ya ɗaura manyan ƙwai biyu irin na kanti. Wannan fa a watan Mayu ne, lokacin da ko ruwan randa ɗumi yake yi a Kano.

Da ya kunna, ɗakin ya haskaka. Washegari Baba ya ɗora lafiyayyen hannunsa a jikin gilashin, ya janye, ya dubi ɗansa yana wani gurnani.

"Ya yi kyau ko, Baba? Ai na gaya maka."

Hawaye ya gangaro wa tsohon. Ganiyu ya ɗauka na murna ne.

Kifayen suka taru a saman ruwa suna buɗe baki. Ya ce yunwa ce, ya ƙara musu abinci. A ranar nan, Minna da Jebba suka mutu. Kashegari Zariya da Kaduna. Duk a kan idon Baba, yana kwance, makunnin fitilar na can jikin bango inda hannunsa ba ya kaiwa.

A rana ta huɗu Ganiyu ya ɗaga murfin don ya cire gawar Ilorin. Baba ya tattara ƙarfinsa ya kama hannun rigarsa, ya ja shi ƙasa har yatsun Ganiyu suka nutse a ruwan. Ruwan da zafi kamar na wankan jariri.

Ganiyu ya kashe fitilar, ya zauna a ƙasa. Bai iya duban mahaifinsa ba.

Da yamma ya koma Sabon Gari. "Madam, saura ɗaya."

Monica ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta rufe shago ta biyo shi. Ta canza ruwan kaɗan-kaɗan, ta nuna masa wuri takwas da zai huda, ya huda, ya sa dogon ƙwan. Offa ta rayu.

Bayan mako biyu ya kawo sababbi biyar. Baba ya daɗe yana kallonsu, leɓensa na motsi, sauti bai fita ba. Har ya rasu, kifayen nan biyar ba su da suna.

Darasi: Ƙwarewarka a sana'arka ba ta sa ka san ta wani ba. Ka saurari wanda ya fi ka sanin abu, kuma idan marar lafiya ya yi maka nuni, ka tsaya ka gane kafin ka fassara shi yadda ranka ke so. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jinyar iyaye.