Jelar Kitso a Akwatin Fensir

Akwai wata mai ɗinki da 'yan layinsu ke kira Anti Tsaf-tsaf, saboda ko zare ɗaya ba ya leƙowa a ɗinkinta. 'Yarta ɗaya, mai shekara takwas, kowa Auta yake ce mata.

Babu abin da Anti ke taƙama da shi irin kan Auta. Duk bayan sati uku sai ta zaunar da ita a ƙofar shago, ta yarfa mata kitso ƙanana, ta sa ƙarin gashi har gadon baya, ta jera duwatsun ado a bakin kowace jela. Ja take yi har girar yarinyar ta ɗaga sama. Idan Auta ta motsa, sai ta ji mataji a ka.

"Zauna daidai! Yarinyar kirki ba ta kukan kitso."

Wata rana yayar mijinta, wadda Auta ke kira Goggo, ta zo karɓar ɗinki. Ta leƙa goshin yarinyar, ta ga ƙuraje sun yi layi.

"Maman Auta, ki sassauta hannun nan. Kan yaro ba bakin zani ba ne."

Anti ta yi dariya. "Haba Yaya! Ke da naki kitson ba ya kwana uku? Ki bar wa masu abu abinsu."

Goggo ta ɗauki kayanta, ta ce Allah Ya kyauta.

Bayan wata biyu, wata safiya, hannun jakar makarantar Auta ya tsinke. Anti ta zazzage jakar a kan teburin yanka don ta ɗinke. Littattafai suka zubo, akwatin fensir ya faɗo ƙasa ya buɗe.

Babu fensir ko ɗaya a ciki. Jelar kitso ce, har guda bakwai, kowace da duwatsunta. Anti ta ɗauki ɗaya, ta kai ta wajen haske. Ba ƙarin gashin ne kaɗai ya zame ba. Gashin Auta ne a kitse a ciki, ya fito tun daga tushe, da ɗigo-ɗigon fari a bakinsa.

"Innalillahi! Auta! Zo nan!"

Yarinyar ta shigo, ta ga akwatin a buɗe, sai ta ja da baya. Anti ta zame mata ɗankwali, ta ɗaga jelolin da kullum ke rufe gefen kunne. Babu komai a wurin. Fata ce sumul tana sheƙi, faɗin yatsu uku, dama da hagu.

Anti ta zauna a kan kujerar keken ɗinki.

"Tun yaushe?"

"Tun sati biyu da suka wuce. Ta farko a aji ta faɗi. Na ɗauke da sauri kada a gani."

"Me ya hana ki gaya min?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Na so in mayar da su ne, Mama. Na gwada da gam, suka ƙi zama. Don Allah kada ki yi fushi, ba ni na cire ba."

Anti ta dafe kai. Ita da ke hango karkataccen ɗinki daga tsallaken titi, ba ta ga kan 'yarta ba.

Ranar ba a je makaranta ba, ba a buɗe shago ba, sai asibiti. Likitan fata ta daɗe tana duba kan da fitila, sannan ta ce, "Ja da nauyi ne suka yi wannan. Inda tushen ke da rai, zai iya tsirowa idan an bar shi ya huta. Inda ya zama tabo, ba zan yi miki alkawari ba."

"Likita, ko man shafawa? Ko allura? Ko gashina a cire a sa mata!"

"A fara tsefe wannan yau, a hankali."

Anti ta yi awa huɗu tana tsifa, hawaye na ɗiga a ƙeyar Auta. Karon farko ke nan da ta riƙa tambaya, "Da zafi?"

Bayan wata takwas gefen dama ya cike. Na hagu bai dawo ba. Ranar da likita ta tabbatar da haka, Auta ta dubi madubi, ta shafa wurin, ta ce, "Ba komai, Mama. Yanzu kaina ba ya ciwo."

Darasi: Kitson da ke ɗaga gira, ya kawo ƙuraje ko ciwon kai, ba ado ba ne, cuta ce. A sassauta hannu, a rage nauyi, a bar gashi ya huta. Kuma kada mu tsorata yaranmu har su riƙa ɓoye mana ciwonsu. Ku tura wa iyaye mata da masu kitso, wataƙila ku ceci kan wata yarinya.