Sandar Malachy a Kasuwar Donnybrook

A ƙauyenmu Donnybrook, kusa da Dublin, ba a yi mai ji da kansa kamar yayana Malachy ba. Sandarsa ta itacen ƙaya ita ce matarsa, ita ce addininsa. Idan kasuwar shekara ta ci, sai ya tuɓe kwat yana janta a ƙasa yana ihu, "Ina namijin da zai taka?"

Mu kuwa da kasuwar nan muke ci. Ni ina dafa dankali da naman tunkiya a tantinmu, Baba yana goge, mutane suna rawa. Shekarar da manyan birni suka fara neman a rufe kasuwar saboda faɗace-faɗace, Baba ya kira shi.

"Ɗana, bana ka bar sandar nan a gida. Abincinmu ake so a rufe."

Malachy ya dafa gicciye ya rantse. Ni da hannuna na soke sandar a jinkar ɗaki. Na yarda da shi, don wauta.

Samarinmu suna da wani mugun wasa. Sukan bi bayan tantuna suna shafawa, inda suka ji tudun kan mutum ya jingina daga ciki, sai su sauke masa sanda. Ranar kasuwa abokansa suka sa shi gaba.

"Malachy, an ce ƙanwarka Honora ta ɗaura maka zane! Je ka fere mata dankali mana."

Ya riga ya sha giya. Ya ruga gida ya zaro sandar. Tantin farko da ya shafa, ko duba na wane ne bai yi ba, ya sauke sanda a kan tudun kan da ya ji.

Gogen ya yi tsit. Baba ne ya jingina daga cikin tantinmu yana gogensa.

Kasuwa ta kaure da doke-doke. Da Baba ya farfaɗo, hannunsa na dama ya mutu. Ya dube ni ya ce, "Honora, sandar tana jinka?" Na sunkuyar da kai. Ya juya fuskarsa bango, bai ƙara kiran sunan Malachy ba har ya rasu.

Irin su Malachy suka sa aka rufe kasuwar. Yau ko a London ko a Amurka, in faɗa ya kaure da ihu, "donnybrook" ake ce masa. Sunan garin da aka haife ni ke nan, kuma duk jin da na yi sai zuciyata ta yi zafi.

Mai karatu, kada ka karya alkawari don gudun gorin abokai. Su dariya za su yi su watse, waɗanda suka yarda da kai su ne za su sha dukan.