Gashin da Gwaggo Ta Ƙi Yankewa

Akwai wata malamar firamare a tsibirin Vava'u mai suna Kalolaine. Ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, kwana goma da binne mahaifinta Sitiveni, ta durƙusa a tabarma tare da ƙannenta mata biyu, ta kwance gashinta. Shekara talatin da huɗu almakashi bai taɓa shi ba. Don wannan rana ta ajiye shi, ranar da, bisa al'adarsu, yayar uba take yanke gashin 'ya'yan mamaci.

Gwaggo Melenaite ta tsallake ta, ta yanke na ƙannen, ta ajiye almakashi.

"Gwaggo, kin manta da ni."

"Tsufana bai kai nan ba, 'yar nan. Na yanke na jininmu. Ɗaure naki."

Kalolaine ta ɗaga ido. Mutum ya fi ɗari a tsakar gidan, amma ba fuskar da ta nuna mamaki. Wasu suka duƙar da kai. Har mijinta.

A madafa ta sami mahaifiyarta Luseane tana ferar doya. Ba tare da ta ɗago ba, Luseane ta faɗa mata komai: wata yarinya ce daga tsibirin Ha'apai ta kawo ta tana da wata uku, ta bar musu ita, ta shiga jirgin ruwa, ko wasiƙa ba ta taɓa aikowa ba. Sitiveni ya bi gida-gida yana roƙon a rufe maganar. Mijin Kalolaine ma an gaya masa tun kafin aure.

"Wato ni kaɗai ce baƙuwa a labarina," in ji Kalolaine.

Lahadi uku ana kaɗa ƙararrawar coci tana rufe taga. Gani take duk wanda ya taɓa yi mata murmushi a cocin nan tausayinta yake ji.

Rannan tsohon fasto Semisi ya dogaro sanda ya zo. Ta ce in wa'azi ya kawo, ya koma da abinsa. Ya ce wa'azi ya bar wa masu haƙora, shi gafara ya zo nema, don yana cikin waɗanda suka ɓoye mata. Ya ƙara da cewa tun da ta bar ƙungiyar mawaƙan coci, matan sun koma kamar kajin da ruwa ya daka.

Ba ta yi dariya ba.

"Ni na yi miki baftisma," in ji shi. "Na tambayi Sitiveni 'yar wa zan rubuta. Ya ce, 'Tawa. Ni ma Ubangiji ba haihuwata ya yi ba, ɗaukata ya yi ta wurin Yesu, kuma bai taɓa kirana baƙo ba.'"

Lahadin da ta biyo baya ta je coci. Lokacin jibin Ubangiji, da ake raba gurasa mai tsarki, gurbi ɗaya ya rage a gaba, kusa da Gwaggo. Ta tsaya jim, sannan ta durƙusa. Gurasa ɗaya aka gutsura musu.

Gwaggo ba ta taɓa ba ta haƙuri ba. Sai da aka yi wata bakwai kafin Kalolaine ta sake cin girkin Luseane. Mawaƙa kuwa, tun a makon ta koma cikinsu.

Darasi: Ɗan da ka ɗauka, gaya masa gaskiya da bakinka kafin a gaya masa a bainar jama'a. Kai kuma da aka yasar, a gidan Allah ba a tambayar jini. Dukanmu ɗaukar mu aka yi. Ku tura wa wani, ba ku san wanda ke ɗauke da irin wannan ciwo ba.