Matar da take jira a bakin sabon titi

Akwai wata mata 'yar Gbagyi mai suna Hannah, wadda ɗanta Zacharias ya bar gida bayan sun yi cacar baki da mahaifinsa. Yaron ya ce shi soja zai shiga, ba zai ƙare rayuwarsa a gonar doya ba. Ya tafi, shekara takwas ko wasiƙa babu.

Ana nan sai gwamnati ta tashi ƙauyensu, Gwazhi, domin gina sabon babban birni. Aka kwashe su a manyan motoci zuwa wani fili can bayan Bwari. An ba su gidajen kwano, amma Hannah ba ta taɓa kiran wurin gida ba. Abu ɗaya ne yake ci mata rai: in Zacharias ya dawo, Gwazhi zai nufa, Gwazhi kuwa ta zama tarihi.

Shekarar 1991 ta zo da tashin hankali. Ka kunna rediyo, yaƙi a Tekun Fasha. Ka murɗa gaba, yaƙi a Laberiya. Ka sake murɗawa, zanga-zanga a wannan gari, tarzoma a wancan. Cikin haka wani maƙwabci ya dawo daga Legas, ya ce ya ga Zacharias da idonsa cikin sojojin da aka tura Laberiya.

Tun daga ranar, duk Asabar Hannah sai ta shiga motar farko, ta sauka inda ƙauyensu yake a da. Wurin ya koma filin gini, ga katafila, ga leburori, ga titi mai faɗi. Dutse ɗaya kawai ta gane, wanda matan Gwazhi suke shanya barkono a kansa. Nan take zama har la'asar da ƙwaryar gasasshiyar doya, wadda ta ɗauko a kafaɗa, don matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka.

Leburori suka ce tsohuwa ta samu taɓin hankali. Har maigadin wurin, wani Bakano mai suna Manniru, yana cikin masu dariya.

Sai a watan Oktoba tarzoma ta ɓarke a Kano. Manniru ya yi kwana tara bai ji duriyar matarsa da 'ya'yansa ba. Da saƙo ya zo cewa suna lafiya, bai sake yi wa Hannah dariya ba. Ya riga ya ɗanɗana jira.

Ƙarshen Nuwamba shugaban leburori ya zo. Sunansa James, irin mutanen nan ne da in an ɗora musu hular kwano sai su ɗauka su ne gwamnati.

Ya ce, "Madam, fadar gwamnati za ta taso daga Legas ta dawo nan. Manya za su bi wannan titi. Kada in ƙara ganinki da wannan ƙwarya."

Hannah ta ce, "Oga, nan gidana ne. Yarona bai san an tashe mu ba. In ya zo bai gan ni ba, ina zai je?"

"Wannan ke ta shafa."

Ta saɓa ƙwaryarta ta kama hanya, tana tafe tana waiwayen dutsen. Manniru ya bi ta har bakin titi.

"Mama, yaya sunan yaron? Kuma wace mota ake shiga zuwa wurinku?"

Ta faɗa masa. Ya ɗauki gawayi ya rubuta da ajami a bangon rumfarsa, ya ce, "Ki je gida. Ni kullum ina nan."

Ran sha biyu ga Disamba aka yi bikin tasowar fadar gwamnati. An kafa tutoci, jiniya ta cika gari, kowa yana cewa ƙasa ta ci gaba. Hannah kuwa tana bayan Bwari. Asabar na yi sai ta yi wanka ta ɗaura zane kamar mai tafiya, sannan ta zauna a ƙofa tana kallon hanya.

A makon ne aka ba Manniru hutu don ya je Kano. Tun tarzoma bai sa iyalinsa a ido ba, kewarsu kuma ta ishe shi. Amma ya yi tunani: Kirsimeti ta gabato, kuma lokacin ne irin su Zacharias suke neman gida. Ya roƙa a ɗaga masa hutun zuwa Janairu. Abokan aikinsa suka ce shi ma tsohuwa ta shafa masa.

Saura kwana uku Kirsimeti, da hantsi, ya hango wani ramammen soja yana ɗingishi, yana zagaya dutsen. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya tsaya a gefen kwalta kamar wanda aka sauke a tashar da ba tasa ba.

"Malam, don Allah, a da akwai wani ƙauye a nan."

"Kai ne Zacharias?"

Sojan ya saki jakarsa, ya zauna a ƙasa. Manniru da kansa ya raka shi tasha ya sa shi a motar Bwari.

Da Hannah ta gan shi ba ta yi gudu ba. Shi ya zo ya durƙusa, ta riƙe kansa da hannu biyu tana kuka. Da suka natsu ya ba ta labarin yadda ya tsaya tambaya a Gwazhi, sannan ya leƙa ɗaki, ya fito.

"Mama, ina Baba? Tun a jirgin ruwa nake shirya yadda zan roƙe shi gafara."

Hannah ta ce, "Ya jira ka shekara uku. Gefen kwaltar nan da ka tsaya kana tambaya, nan muka binne shi."

Darasi: Haƙurin uwa bai faɗi ƙasa ba, kuma alherin maigadi ɗaya ya haɗa abin da katafila ta raba. Amma ba kowane mai jira ne kwanansa yake kaiwa ba. In kana da iyayen da ka daɗe ba ka nema ba, ka neme su yau. Ku tura wa 'yan uwa da suke nesa da gida.